Ranar da Malam Ya Hana Surayya Shiga Takaba

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a Fiƙihu da Tafsiri, mai tsentseni, mai yawan azumi da ƙarancin magana, wanda bai taɓa yin nisa da zaurensa na Gaya ba sai don ziyarar mara lafiya ko jana'iza. Ga ɗaya daga cikin abubuwan da Allah Ya gudanar a kan harshensa.

Da Zunnuraini ya dawo daga haƙar zinariya a hamadar Nijar bayan shekaru, ya tarar da gari ya sauya masa. An sare tsamiyar ƙofar gidansu an yi shagon cajin waya, Keke Napep ya cika tasha, yaran da ya bari suna kiwon awaki sun zama masu gemu, gonar gero ta bayan gari an yanka ta filaye. Zauren Malam kaɗai ya samu yadda ya bar shi. Amma bai iya zama ya ji daɗin komai ba, domin ya dawo da jarkar ruwa naɗe da buhu, an rubuta mata sunan Muhammad Auwal, abokin tafiyarsa, ɗan Hajo ta ƙauyen Balan, mijin Surayya.

Abin da ya sani shi ne motoci biyu suka taso, guguwar rairayi ta raba su tsakanin Dirku da Agadas. Da aka koma nema, sai aka samu motar su Auwalu ta kafe babu kowa, ga kaburbura sababbi a gefenta, ga jarkar yashe a ƙasa. Bai ga gawa ba. Wannan ne ya hana shi sukuni. In ya ce ya mutu alhali yana raye, ya raba mutum da matarsa. In ya ce bai sani ba, ya bar Surayya a rataye.

Dangi dai suka yanke shawara a yi sadaka, Surayya ta shiga takaba. Kawun Auwalu ya ja Zunnuraini har gaban Malam, suka durƙusa, aka ajiye jarkar.

"Allah Ya gafarta Malam, addu'a muka zo nema. Yaron nan ya ga kabarin da idonsa."

"Kaburbura na gani, Kawu," in ji Zunnuraini. "Ban san na waye ba."

"Kai dai tun kana yaro ba ka iya tsayawa a kan magana ɗaya ba!"

Malam, Allah Ya ji ƙan mahaifansa, bai ko dubi jarkar ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ku dafa abincin ku ba mabuƙata, amma da niyyar matafiyi. Yarinyar kada ta cire ɗan kunnenta. Wayar mahaifiyar Auwalu kuma ku kai wa Ya Bintu a Ajingi ta riƙe."

Suka fito kawun yana gunaguni. Ya Bintu tsohuwa ce daga cikin Barebarin da suka daɗe a ƙasar, ba ta da dangantaka da Auwalu, ba ta ma san inda ake danna waya ba. Zunnuraini ne ya hau babur ya kai mata, ya kuma riƙa komawa kullum yana zama a ƙofar ɗakinta, mutanen Balan suna ce masa ya zo ya tayar wa mata da hankali a banza. Har ya fara tunanin ko ya tattara ya bar garin kafin kunya ta same shi.

Wata ranar Laraba da hantsi, Ya Bintu tana tsince wake, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce ta ƙasar waje. Zunnuraini ya danna ya kanga mata a kunne. Ta saurara, ta saki faifan, ta fara amsawa da Barbarci tana ɗaga murya. Wani manomin dabino ne daga yankin Bilma, wanda ba ya jin Hausa sai Barbarci. Ya ce masu raƙuma sun tsinci wani Bahaushe mai suna Auwalu a rairayi sun kawo masa, ƙafarsa a karye, ƙishirwa ta cinye shi, yana jinyarsa a ƙauyen da waya ba ta kamawa, sai ya shigo gari yake gwada lambar da baƙon ya karanto masa da ka. Ya ce ya sha kira ana kashewa. Da aka gaya wa Hajo ta fashe da kuka, ta ce ita ce ke kashewa, ta ɗauka 'yan damfara ne.

Subhanallahi! Malam bai taɓa jin labarin kiran nan ba. Da Zunnuraini ya koma ya faɗi a gabansa, cewa kawai ya yi, "Allah ne Masani. Tashi ka je ka ɗauko ɗan'uwanka."

Nan tsoro ya dawo masa sabo, domin ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake taka rairayin nan ba. Da la'asar ya zauna a tsakar gida yana zana hanya a ƙasa da tsinke, daga Maigatari zuwa Damagaram, zuwa Tanut, zuwa Agadas inda zai jira ayarin motoci, don ya daina yarda da direban da ke tafiya shi kaɗai, sannan Dirku, sannan Bilma. Surayya ta aiko masa da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, da sabuwar riga ta mijinta. Ya naɗe rigar a ƙasan jaka, ya fita tasha tambayar motar asuba.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da kusanci, Ya kai Zunnuraini Ya dawo mana da su biyun, Ya sa mu cikin albarkar bayinSa na gari. Amin.