Tulun Gilashin Alhaji Gwadabe

An ce wai a birnin Katsina an yi wani attajiri mai sayar da tangaran, ana kiransa Alhaji Gwadabe. Fatauci ya kai shi ƙasashe da yawa, har Amurka. A can wani dillali ya shigar da shi ɗakin da ake ajiye tsofaffin kayan gilashi, irin waɗanda magina na dā suka hura da bakinsu ta cikin bututun ƙarfe, suka turara su da hayaƙin ma'adinai tun suna da zafi, har fuskarsu ta riƙa sheƙi kamar wuyan tantabara. Tun daga ranar zuciyarsa ta kamu. Duk tafiyar da ya yi sai ya komo da kwano ko fitila ko kwalba, ya jera su a ɗakinsa na ciki.

A cikinsu akwai wani ɗan tulu mai dogon wuya wanda ya fi ƙauna. Ya samo shi ne bayan tsufa ya fara kama shi, kuma kullum yana yabon launinsa, wai kore ne mai ruwan zinariya, kamar ganyen gero da hantsi. 'Yan kaɗan da aka taɓa nuna wa shi sukan gyaɗa kai kawai, don irin wannan gilashi yakan sauya da haske, kuma ba wanda ke son musu da dattijo a kan kayansa.

Da yanar ido ta rufe masa gani, likitoci suka ce sai an yi masa aiki a Masar. Gidansa cike yake da jikoki masu guje-guje, saboda haka ya naɗe tulun a auduga, ya kai wa amininsa Alhaji Tanimu ajiya. Tare suka tashi tun suna samari, kuma 'yar Gwadabe, Ramatu, tana auren ɗan Tanimu.

Aka yi aiki lafiya, ya dawo. Tanimu da kansa ya kawo masa tulun a cikin audugarsa. Gwadabe ya kwance, ya duba, sai fuskarsa ta canza. Abin da ke hannunsa shuɗi ne mai duhu, kamar turkuɗi sabon fitowa daga marina. Ya ce wannan ba nasa ba ne. Ramatu ta zo ta durƙusa ta ce masa ita tun da take ganin tulun shuɗi ta san shi, ya ce mata ai dole ta kāre gidan mijinta. Har a kasuwa, a gaban mutane, ya faɗi cewa an musanya masa amana. Gidajen biyu suka daina gaisawa, Ramatu ta rasa inda za ta sa kanta.

Magana ta kai gaban Alƙali Mamuda, mutum mai jinkirin yanke hukunci. Ya saurari kowa. Gwadabe ba shi da shaida, Tanimu kuwa ya yi alwala tun daga gida, ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Alƙali ya san idan ya bari aka yi rantsuwar shari'a ta ƙare, amma Gwadabe zai tafi kabari yana ganin amininsa ɓarawo ne kuma mai rantsuwar ƙarya. Ya kuma lura ba alamar ƙarya a fuskar ko ɗayansu.

Ya sa aka ɗora tulun a kan tabarma kusa da ƙofa, inda hasken safiya ke shigowa, ya ce wa Gwadabe ya siffanta nasa. Gwadabe ya ce tsayinsu ɗaya, wuyansu ɗaya, har tabon da ke gindi, inda maƙeri ya ɓalle sandarsa, iri ɗaya ne.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wanda ya kwaikwaya gwani ne. Launi kaɗai ya gagare shi."

Yana wannan bayani alƙali ya ga yana karkata kai, yana duban tulun da gefen dama. Sai ya bar zancen tulu, ya shiga yi masa barka da dawowa, yana tambayarsa yadda aikin ya kasance. Gwadabe ya ce an cire yanar idon dama, na hagu kuwa likita ya ce sai ya huta tukuna ya koma. Alƙali ya tambaye shi ko ya ga wani abu ya sauya tun da ya dawo. Ya yi ɗan tunani, ya ce fararen rigunansa sun ƙara haske, yana zaton wankin da aka yi musu ne.

Alƙali ya ce, "Alhaji, akwai shaida guda da ya zauna da tulunka tun ranar da ka saye shi, kuma ka zo da shi nan. Sa tafin hannunka ka rufe idon da aka gyara, ka duba da ɗayan."

Gwadabe ya yi yadda aka ce. Ya daɗe yana kallo ta cikin hazon tsohon idonsa. Ga tulu nan kore, mai ruwan zinariya, kamar ganyen gero da hantsi. Ya ɗauke hannu, tulun ya koma shuɗi. Ya sake rufewa, ya sake dubawa.

Da ƙyar ya ce, "Nawa ne."

Alƙali ya ce, "Naka ne, kuma shuɗi magininsa ya hura shi. Yanar ido takan sa wa gani rawaya, ita ce ta rina maka shi shekara da shekaru. Ba ka yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Amma ka ɗora wa mutum sata a kasuwa, don haka a kasuwa za ka sauke masa ita."

Gwadabe ya juya wajen Tanimu ya nemi gafara, ya ce ya ɗauki tulun ya ba shi kyauta. Tanimu ya girgiza kai.

Ya ce, "Riƙe abinka, Alhaji, yanzu ne ma za ka fara ganinsa. Da cewa ka yi na fasa shi, da na haƙura. Musanya ce ta yi mini ciwo. Na yafe, amma ka ba zuciyata lokaci."

Da la'asar ɗin ranar Gwadabe ya tsaya a ƙofar shagon Tanimu a kasuwa, ya tara maƙwabta, ya janye maganarsa da bakinsa. Daga nan ya wuce gidan surukansa ya ba 'yarsa haƙuri. Zumunci bai koma daidai nan take ba, amma da lokacin aikin idon hagu ya zo, Tanimu ne ya raka shi Masar.

Masu hankali da suka ji labarin suka ce: idan ka ga abin da ka daɗe da sani ya sauya maka, fara tambayar idonka kafin ka tuhumi amininka.