Na'urar da ta Mayar da 'Yan Tsallake Ƙarshen Layi

Akwai wata mata, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, da ta shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati. Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Uwar Kati yake ce mata, har manyan likitoci.

Ɗakin nata ɗan ƙarami ne, taga ɗaya, fanka mai ƙara kamar za ta faɗo, ga kantoci cike da fayil har rufi. In ka taɓa gaya mata sunanka sau ɗaya, ko bayan shekara ka dawo za ta miƙa hannu ta zaro katinka tana ci gaba da hira.

Asibitin yana da injin wankin ƙoda guda shida, masu buƙata kuwa sun haura ɗari. A da, likitoci biyu ne ke zama duk mako su tsara wanda zai shiga. Kullum sai an yi rigima, ana cewa akwai ɗan gata akwai ɗan bora.

Sai aka kawo sabon Darakta, mutum mai takun ƙasaita, wanda ba ya amsa gaisuwa sai da ɗaga gira. Ya tara ma'aikata ya ce ya sayo na'urar da za ta riƙa tsara layin da kanta.

"Daga yau babu ɗan wane," in ji shi. "Na'ura ba ta da ƙawu, ba ta da suruki, ba ta jin kunyar kowa."

Aka tafa masa. Uwar Kati ma ta tafa, don ta gaji da zagin da take sha a bakin taga.

Aikinta ya koma shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Duk Litinin na'ura ta fitar da jerin sunaye, ita kuma ta buga ta manna a allo.

Cikin masu jiran nan akwai wani tela da ke zaune a tsallaken kogi. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga, matarsa ce ke riƙo shi tun daga bakin ƙofa. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce wa Uwar Kati, "Yaya, in kin sa ni a sahun gaba, ni kuma in daina kushe ɗinkin rigar nan taki."

A makon farko sunansa na lamba ashirin. Bayan wata guda ya koma arba'in da ɗaya. A wata na uku ya kai sittin da uku, alhali jikinsa ƙara rikicewa yake yi. Barkwancin ma ya ƙare.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata rana da tsakar rana Uwar Kati ta kulle taga, ta baje jerin makonni goma sha biyu a kan tebur, ta ɗauki jan biro. Duk wanda ta san ɗan tsallake ne sai ta ja masa layi. Da ta gama sai ta duba. Jan biron nan kaf a ƙasan takarda ya taru, kamar an share su da tsintsiya an kai lungu.

Tana cikin haka aka buga taga da ƙarfi. Matar tela ce, idonta jawur.

"Ke ce mai buga sunayen nan, ko ba ke ba ce?"

"Ni ce, 'yar uwa, amma ba ni ke tsarawa ba. Na'ura ce."

"Na'ura! Na'ura ta san mijina? Ta taɓa ganin ƙafarsa? Ku dai kun ga ba mu da kowa ne. Allah ya isa tsakaninmu da ku."

Mutanen da ke kan benci suka ɗauka, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Uwar Kati ta kwashi takardunta ta hau bene zuwa ofishin Darakta.

Darakta bai ce ta zauna ba. Ya kalli takardun daga nesa, bai taɓa su ba.

"Mene ne matakin karatunki?"

"Ranka ya daɗe, ba maganar karatu na kawo ba. Duba nan, duk 'yan tsallake ne a ƙasa."

"Na tambaye ki matakin karatunki. Masu digiri uku-uku ne suka ƙera abin nan. Ke da jan biro za ki gyara musu aiki? Ku ne dama ba kwa son ci gaba, don an toshe muku ƙofar alfarma."

"Ban taɓa yi wa kowa alfarma ba, ranka ya daɗe."

"Fita ki ja min ƙofa."

Washegari ta tarar da takarda a kan teburinta. An mayar da ita sito, inda ake ninke zannuwan gado.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan tela ya rasu a gida. Matarsa ta zo asibitin, ta bi ɗaki-ɗaki har ta sami Uwar Kati a sito. Ta jefa mata katin mijin a ƙirji.

"Ga shi nan. Ki cire sunansa, ya ba ku wuri."

Uwar Kati ta durƙusa ta ɗauki katin. Rubutun hannunta ne a kai, tun ranar da ya fara zuwa.

A jikin bangon ƙofar asibitin akwai wata sanarwa da rana ta koɗar. Ta ce gwamnati ta kafa hukumar da ke sa ido a kan duk na'urar da ke yanke hukunci a kan jama'a, kuma mai ƙorafi ya rubuto. Uwar Kati ta sha wuce ta ba ta karanta ba. Ranar ta tsaya ta kwafe adireshin.

Da ta gaya wa maigidanta, sai ya ajiye rediyon da ke hannunsa.

"Saura miki shekara biyu ki yi ritaya. Mutumin nan ya fi ƙarfinki. Ko kin rubuta, sai sun zo sun sha lemo a ofishinsa sun tafi, ke ki kwana a ciki."

"Na sani."

"To, aƙalla kada ki sa sunanki."

"Takardar da babu suna kwandon shara ake jefa ta, Baban yara. Ni ma na sha jefawa."

Ta rubuta shafi uku, ta haɗa da jerin sunayen, ta sa hannu.

Wata guda shiru. Sai labari ya ɓulla cewa mai bincike na tafe. Ana gobe za ta zo, Darakta ya tara ma'aikata ya ce ya san macijin da ke cikin gida, kuma duk wanda ya buɗe baki gobe, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Daga ranar Uwar Kati ta zama mujiya. In ta shigo ɗakin hutu sai hira ta mutu. Wata nas da suka yi shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya ta ce mata a fili, "Ke dai kin ji kunya. Kin tona mana asiri a waje don an taɓa kujerarki."

Mai binciken ta iso da hantsi. Gajeriyar mata ce mai tabarau, fuska a murtuke. An jera mata lemo da ruwa a ofishin Darakta, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce a kira mata wadda ta rubuto takarda.

Uwar Kati ta shigo da tsammanin za ta ji kalma mai daɗi. Ina!

"Ke ce? Ban zo jin tausayi ba, hujja na zo nema. Yaushe kika fara lura?"

"Tun wata na biyu na fara zargi."

"Amma kika ci gaba da manna takardar a allo har wata na uku?"

Maganar ta soke ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ci gaba."

"To. Zauna."

Aka taru a ɗakin taro: Darakta, likitoci uku, mutumin kamfanin da ya sayar da na'urar, da Uwar Kati can a ƙarshen tebur. Mai binciken ta ce a buɗe kwamfuta. Ta sa aka shigar da maras lafiya na gwaji, shekara hamsin, ta karanto sakamakon jini, ta ba da adireshin cikin gari. Na'ura ta ba shi lamba goma sha ɗaya.

"Yanzu kada a taɓa komai. A canza adireshi kawai, a sa tsallaken kogi."

Mutumin kamfanin ya danna. Lamba sittin da bakwai.

Darakta ya ce, "Kuskure ne na lokaci ɗaya."

Aka sake da wani, aka sake da wata. Sau tara ana gwadawa, sau tara ɗan tsallake na faɗawa ƙasa.

Mai binciken ta juya ga mutumin kamfanin. "Me kuka ciyar da ita?"

Ya goge gumi ya ce an ba su fayil na shekara goma. Na'urar ta koyi cewa akwai masu yawan saɓa ranar da aka ba su, don haka take rage musu maki, kada inji ya zauna a banza. Ta kuma gano cewa mafi yawan masu saɓawar daga tsallake suke.

"Kun ji ko?" in ji Darakta, ya gyara zama. "Halinsu ne. Na'ura ba ta yi musu ƙarya ba."

Nan Uwar Kati ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba.

"Ba halinsu ba ne. Gadar kogin nan ta karye, ta yi shekara huɗu ba a gyara ba. A kwalekwale suke tsallakowa da marasa lafiyarsu. A lokacin dokar asibiti ita ce duk wanda ya iso bayan ƙarfe goma a rubuta bai zo ba. Suna zuwa, ranki ya daɗe. Suna isowa sha ɗaya, a jiƙe, a mayar da su. Ni nake rubuta 'bai zo ba'. Hannuna ne a fayil ɗin nan gaba ɗaya."

Ta koma ta zauna. Mai binciken ta daɗe tana rubutu.

Darakta ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya sauya murya. "To ai kin gani, ba ni na tsara ba. Na'ura ce ta yi, kamfani ne ya ƙera."

Matar ta zaro wata takarda daga jakarta ta tura masa. "Doka ta ce kafin a yi amfani da irin wannan na'ura sai an gwada ko tana nuna bambanci. Ta kuma ce duk mako likita ya duba jerin ya amince. Nan an rubuto mana cewa an yi duka biyun. Likitoci, an taɓa kawo muku jerin nan?"

Suka kalli juna. Babbansu ya girgiza kai.

"To wannan sa hannun da ke ƙasa, na'ura ce ta yi shi?"

Sa hannun Darakta ne. Mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa, ga shi yana neman wanda zai haɗa ido da shi a ɗakin, kowa ya kau da kai.

A ranar aka dakatar da na'urar. Likitoci suka zauna suka sake tsara layin, 'yan tsallake goma sha bakwai suka hau sahun gaba a makon. Bincike ya nuna mutum huɗu sun rasu suna jira a ƙasan jerin, har da tela. Aka sauke Darakta aka tura shi gaban kwamiti, aka hana kamfanin sayar da na'urar ga kowane asibiti sai an gyara ta an sake gwadawa.

Uwar Kati ta koma ɗakin kati. Kada ku ɗauka an yi mata guɗa. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarta, suna cewa ta jawo musu ido.

Ranar da kwamiti ya kira iyalan mamatan, ta ci karo da matar tela a baranda. Ta gaishe ta. Matar ta tsaya ta dube ta sama da ƙasa.

"An ce ke kika rubuta takardar."

"Ni ce."

"Kin yi latti."

"Na yi latti," in ji Uwar Kati. Ba ta nemi kare kanta ba.

Matar ta gyara mayafinta. "Yayan maƙwabciyata ya shiga inji jiya. Mun ɗauka shi ma tafiya zai yi." Sai kawai ta wuce ta shiga ɗakin kwamiti.

Uwar Kati ta koma bakin tagarta. Mutane sun cika benci suna jira.

Darasi: Na'ura abin da aka zuba mata take amayarwa, in an ciyar da ita zaluncin jiya za ta maimaita shi yau ba tare da ta ji kunya ba. Kada shugaba ya ɓuya a bayan kwamfuta, domin wanda ya sa hannu shi zai amsa. Kada hukuma ta bari a ɗora na'ura a kan rayukan jama'a ba tare da gwaji da sa ido ba. Kai kuma ƙaramin ma'aikaci, in ka ga ba daidai ba ka faɗa da wuri, jinkirin mako ɗaya kan iya zama ran wani. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai riƙe da irin wannan takarda yana shakkar sa hannu.