Tanderun da Ya Sha Taya

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Wuta, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana hura tanderu a wani gidan burodi. Ba ya kwaɓi, ba ya ɗaurin leda. Nasa shi ne ya jera itace a cikin tanderu, ya kunna, ya jira ya cinye, ya jawo garwashin waje da doguwar sandar ƙarfe, ya goge ƙasan da jiƙaƙƙen buhu, sannan a zura gwangwanayen kwaɓi.

Ku lura da wannan, jama'a. A irin wannan tanderu, inda wuta ta ci nan ake ajiye burodi. Zafin da bulo ya sha shi yake gasa shi, kuma duk abin da bulo ya sha tare da zafin, shi ma cikin burodin yake komawa.

Shi da mai gidan burodin suka gina tanderun da hannunsu tun suna da sauran ƙarfi. Da Allah Ya yi wa maigidan rasuwa, sai ɗansa ya karɓi wurin. Ranar farko ya tara ma'aikata ya ce daga yau kada wanda ya sake kiransa Ƙarami, Darakta za a riƙa ce masa. Baba da ya sha goya shi a kafaɗa yana majina, ya ce, "To, Darakta."

Gaskiya itace ya yi tsada, wannan ba ƙarya ba ce. An sare na kusa, masu kawowa sai sun yi tafiyar yini kafin su cika mota, kuma rabinsa ɗanye ne mai hayaƙi. Kowane gida yana kuka da shi, balle gidan burodi.

Baba ya same shi ya ce, "Darakta, ƙofar tanderun nan ta tsage, zafi yana gudu. In aka gyara, itacen da muke ci zai ragu sosai. Ga kuma garin katako can a layin kafintoci, zubarwa suke yi. In aka danne shi a tsohuwar ganga yana ci kamar me."

Darakta bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Baba, kai dai hura wuta. Tunani ka bar mana."

Bayan kwana biyu mota ta tsaya a bayan gidan, aka sauke tsofaffin tayoyi, wasu da ruwan sama mai tsutsa a cikinsu.

Baba ya ce, "Waɗannan fa?"

"Itacenka ne. Taya ɗaya ta fi ɗaurin itace uku zafi, kuma kyauta ake ba ni. Ai kana gogewa da buhu, ko ba ka gogewa? To me ya rage?"

Nan ne wautar take. Shi Darakta ya ɗauka bulo kamar farantin tangaran ne, a goge ya fita. Baba ya san ba haka ba ne. Amma yana da mata, yana da 'ya'ya mata biyu a makaranta, kuma ba wanda yake ɗaukar tsoho aiki. Haka ya mirgina taya ya kunna.

Wai! Hayaƙin da ya tashi ko maƙiyinka ba ka so ya shaƙa. Baƙi ƙirin, mai kauri, mai maiƙo. Ya bi layin gida-gida, ya sauka a kan shanyar mutane, ya shiga randunan ruwa. Baba in ya fyace majina baƙa ce, in ya yi kaki baƙi ne. In ya koma gida matarsa takan ce, "Malam, don Allah tsaya a waje ka cire rigar nan, warinka ya riga ka shigowa."

Wata mai ɗinki da katangarta ke manne da gidan burodin ta zo ta yi sallama, da goyo a bayanta yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

Ta ce, "Darakta, ka dubi Allah. Yaron nan sau biyu muna zuwa asibiti. Farin yadin mutane ma ba na iya shanyawa."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Iska ce take kai miki, ba ni ba. Ki je ki yi ƙararta."

Ya yi dariya, ma'aikata biyu suka taya shi don neman gindin zama. Baba ya sunkuyar da kai, kunya kamar ta kashe shi, don shi ya san hannun wa ya kunna ashanar.

Daga taya sai aka ƙara da baƙin mai, wanda makanikai suke juyewa daga injin mota. A tsoma tsumma a ciki a jefa, wai don wuta ta kama da wuri. Daga nan sai tsofaffin silifas, fasassun bokitai, katifar soso da ba a san wanda ya kwanta a kai ba. Burodi ya fara fitowa da wani ɗaci-ɗaci a ƙasan harshe. Darakta ya ce a ƙara sukari da turaren burodi, a rufe ɗacin.

Wata safiya matar Darakta ta biyo da 'yarsu za ta kai ta makaranta. Yarinyar ta ga burodi mai zafi a kan tebur, ta ɗauki guda ta kai baki. Darakta ya daka tsalle daga kujera, ya kaɓe shi daga hannunta har ya faɗi ƙasa.

"Ban hana ku cin wannan ba? Naku yana mota, na sayo muku a hanya!"

Baba yana tsaye da sandar ƙarfe a hannu, ya ga komai. Ashe mutumin ya sani. Duk wannan lokacin ya san abin da yake ɗurawa 'ya'yan mutane, nasa kuma yana sayo musu na wani gida.

Kamar abin haɗin baki, a ranar ne wani mai kwashe shara ya turo baro cike da buhuna. Darakta ya ce, "Baba, zuba waɗannan, duk roba ce."

Baba ya kwance bakin buhu ɗaya. Ƙudaje suka taso masa a fuska. Ƙunzugun jarirai ne da kashinsu a jiki, da auduga mai busasshen jini, da robobin ƙarin ruwa, tsutsotsi suna ta motsi a tsakani. Ya ja da baya, ya dafa bango, ya yi amai har idonsa ya kawo ruwa.

Da ya samu numfashi ya ce, "Wallahi ba da hannuna ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ba da hannuna ba. Na ƙona maka taya, na ƙona maka baƙin mai, Allah Ya yafe mini. Amma ba zan gasa wa mutane abinci a kan kashi ba. Kai da kanka ba ka barin 'yarka ta ci."

Darakta ya cika ya yi fam. "To ajiye sandar ka kama gabanka. Masu neman aikin nan sun fi ƙudajen nan yawa."

Baba ya jingine sandar, ya wanke hannu, ya fita. Shekara ashirin da bakwai, ko sannu ba a ce masa ba.

A gida matarsa ta saurare shi har ya gama. Ita ta san abin da ya rage a cikin buhun abinci. Ta ce, "Malam, ban san me za mu ci ba. Amma da ka zuba buhun nan a wuta, da ni ma ba zan ƙara cin abin da ka kawo ba." Ta tashi ta ɗora masa ruwan wanka.

Mako uku Baba yana yawon neman aiki. Duk inda ya je sai a dubi furfurarsa a ce a dawo wani lokaci. Har dako ya gwada a kasuwa, bayansa ya ce bai san zancen ba.

Rannan sai ga aike daga Hajiya, mahaifiyar Darakta. Tsohuwa ce da ƙafa ta hana ta fita, kuma tun rasuwar mijinta ba ta karya kumallo da komai sai burodin tanderunsa. Kullum ana aika mata guda biyu.

Ya same ta a zaune da kofin shayi, ga burodin a gabanta ta gutsuri kaɗan ta ajiye. Ta rame.

Ta ce, "Baba Mai Wuta, an ce ka bar aiki, ba ka ko zo ka yi mini sallama ba. Sannan ina so ka gaya mini gaskiya. Burodin nan warin kananzir nake ji a cikinsa, in na ci cikina ya yi ta juyawa. Na gaya wa Ƙarami, ya ce magungunan da nake sha ne suka ɓata mini harshe. Harshena ne?"

Jama'a, kun ji fa. Ya hana 'yarsa, amma ya bar uwar da ta haife shi tana ci, har yana ɗora wa harshenta laifi, don kada asirinsa ya tonu.

Baba ya so ya rufa, don ba ya son shiga tsakanin uwa da ɗa. Amma ya dubi burodin, ya dubi yadda ta rame. Ya ce, "Hajiya, harshenki lafiyarsa ƙalau." Ya kwashe komai ya faɗa mata, har da nasa laifin.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce a miƙo mata mayafi da sandarta, a kira mata mota.

Sun iso gidan burodin sun tarar da hayaniya. Masu shayi uku sun dawo da burodinsu, ɗaya yana ɗaga wata 'yar lanƙwasasshiyar waya, irin ta cikin taya, da ya ce a bakin mai saye aka zaro ta. Darakta yana ta kumfar baki wai sharrin maƙiya ne. Yana ganin mahaifiyarsa sai muryarsa ta mutu.

"Hajiya, me ya fito da ke? Da kin aiko..."

Ba ta kula shi ba. Ta dogara sandarta har bayan gida, ta ga tulin buhunan da ƙudaje, ta toshe hanci da mayafi. Ta dawo bakin tanderu, ta sa hannu ta shafo bangon ciki. Tafin hannunta ya fito baƙi, yana nason maiƙo.

Ta ɗauki burodi ɗaya daga tebur, ta raba shi biyu, ta miƙa wa ɗanta.

"Ci."

"Hajiya, ai na karya."

"Na ce ka ci."

Ma'aikata da masu shayi sun tsaya cak, mai ɗinki ta leƙo ta kan katanga da goyonta. Darakta ya karɓa. Ya kai shi kusa da baki, ya dubi buhunan nan ta ƙofar baya. Ya rufe ido ya gatsa. Ko taunawa bai yi ba ya juya ya kelaya amai a gaban kowa, har a kan takalminsa mai sheƙi.

Hajiya ta jira ya gama. Ta ce, "Loma ɗaya ke nan. Ni wata huɗu ina ci, ina sa maka albarka."

Ya durƙusa zai kama ƙafarta, ta janye. Ta juya wajen Baba ta ce, "Zai wanku?"

Baba ya girgiza kai. "Hajiya, bulo ya riga ya sha. Ko shekara za a yi ana hura masa itace mai kyau, abin nan zai yi ta fitowa. Sai dai a rushe."

Ta daɗe tana kallon tanderun mijinta. Sannan ta ce, "Rushe shi. Ka gina sabo, ka hura shi da abin da ka ga ya dace, makullin wurin nan kuma a hannunka zai zauna. Shi kuma wannan, shi zai kwashe bulon da buhunan nan da hannunsa, kada wanda ya taya shi."

Baba ya ɗauki guduma. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, don ya san kowane bulo a wurin, ya tuna wanda ya miƙo masa shi. Yana dukan farko hawaye suka zubo masa.

Sabon tanderu ya tashi da ƙofa mai rufuwa ruf, ana hura shi da garin katako da itace kaɗan. Masu shayi sun dawo ɗaya bayan ɗaya, mai ɗinki ta koma shanya farin yadinta. Hajiya kuwa, har Allah Ya karɓi ranta, ba ta sake karɓar abin ci daga hannun ɗanta ba.

Darasi: Tsadar itace, gawayi ko gas ba hujja ba ce ta ƙona taya, roba, leda ko baƙin mai a inda ake dafa abincin mutane. Hayaƙin yana shiga ƙirjin maƙwabta, dattin yana shiga cikin masu ci, kuma ba ka san bakin da zai kai ba. Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka sayar wa ɗan wani. In kuma aka sa ka aikin cutar da jama'a, ka ji tsoron Allah ka ajiye, arzikinka ba a hannun mutum yake ba. Ku tura wa masu gidan burodi, masu gashi da duk mai hura wuta da leda a gida, wataƙila wani ya daina tun yau.