Abin da Ya Hana Maƙeri Wasa Wuƙa

Dalilin da ya sa in an aike ku sayen wuƙa maƙeri yake miƙo muku ita ba kaifi, ko albasa ba ta yankawa sai an ɗora ta a dutse, ba lalaci ba ne kamar yadda iyayenku mata suke faɗa. Ku rufe bakunanku ku ji, don labarin ba na dariya ba ne.

A da can, maƙeri ba ya sakin wuƙa sai ya wasa ta da kansa. In ya gama, sai ya naɗe hannun riga ya aske gashin hannunsa na hagu da ita a gaban mai saye. In ta aske, ciniki ya faɗa. In ba ta aske ba, a mayar da ita wuta. Saboda haka duk inda ka ga mutum hannunsa ɗaya sumul ba gashi, ka san maƙeri ne.

A wani gari da ake kira Kwarin Tama akwai wani maƙeri, Nomau. Ba shi da gona, ba shi da dabba, hannunsa na dama shi ke ciyar da mutum tara. Shekara arba'in yana gaban wuta har gawayi ya shige masa fata, wanka ba ya fitarwa. Wuƙarsa kuwa, mahauta daga garuruwa uku suke zuwa nema. Aibinsa ɗaya ne. Ka zagi Nomau ya yi dariya, amma ka raina aikinsa, ranar ba zai ci tuwo ba.

Wata rana da hantsi aka tsinci gawar wani manomi, Jatau, a kan iyakar gonarsa, da wuƙa a jikinsa. Kowa ya san Jatau ya daɗe yana rigimar iyaka da Cindo, ɗan mai gari. Amma kowa ya kama bakinsa.

Mai gari Bagudu ya tara jama'a a ƙofar gidansa, ya sa maƙera suka zauna a gaba. Ya ɗaga wuƙar ya juya ta a rana.

Ya ce, "Ku duba da kyau. Wannan wuƙar baƙi ce. Wani matafiyi ne ya yi ɓarna ya wuce. Maƙeran garin nan, in banda lauje da fartanya, me suka iya? Wa zai fitar da irin wannan kaifin a nan?"

Maƙera sun gane wuƙar tun daga nesa, don kowane maƙeri ya san dukan masabar ɗan'uwansa, wato gudumarsa ta ƙira, kamar yadda ya san muryarsa. Sun kuma gane abin da mai gari yake so, wato a binne maganar tare da Jatau. Sai duk suka sunkuyar da kai. Sarkin maƙera, Mati, ya danne ƙafar Nomau da tasa, ya raɗa masa, "Yaya, don Allah ka haɗiye."

Ina! Nomau ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, wane baƙo? Ni na ƙera ta. Kwana uku na yi a kanta. Dubi bakinta, ni na wasa ta."

Da a ce don jinin Jatau ya tashi, da na ji daɗin ba ku labarin nan. Wallahi ko tuna Jatau bai yi ba. An ce baƙo ya fi shi iya ƙira, shi ne kawai ya kasa daurewa.

Matar Jatau ta taso daga cikin mata tana kuka, ta ce, "Baba Nomau, wa ka sayar wa?"

Sai a lokacin ya ga ramin da ya faɗa. Amma bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Cindo."

Mai gari ya daɗe yana shafa gemu. Jini ya zuba, jama'a sun ji suna, dole wani ya biya, shi kuma ba zai ba da ɗansa ba. Can ya ce, "Nomau, da ka fitar da ƙarfen nan daga wuta, yana yanka?"

"Ba ya yanka, ranka ya daɗe."

"Da ka sa masa ƙota fa?"

"Sai an wasa."

"Wa ya wasa? Naɗe hannun rigarka mu gani."

Nomau ya naɗe. Hannu sumul.

Mai gari ya ce, "To kun gani. Cindo ƙarfe ya saya. Kaifi ne ya kashe Jatau, mai kaifin kuma ga shi, da bakinsa ya faɗa. Wanda ya wasa shi ya yanka. Don tsufansa na tausaya masa, ba zan taɓa ransa ba. A cire babban yatsan da yake danne wuƙa a dutse."

Har da masu cewa an gode da adalci. Ni dai duk lokacin da na zo nan wurin sai raina ya ɓaci.

Aka cire masa yatsan na hannun dama a ranar. Da ciwon ya warke, Nomau ya koma maƙera ya ɗauki masaba, ta suɓuce. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya ɗaure ta a hannunsa da tsumma, dukan ya riƙa karkacewa. A ƙarshe sai Mati ya ba shi zugazugi yana hura wa ƙannensa wuta, a ba shi abin da aka ga dama. Cindo kuwa ya haɗe gonar Jatau da tasa, ya shuka gero ya yi kyau.

Da Babbar Sallah ta matso, mai gari ya aiko a ƙera masa wuƙar layya. Maƙera suka ƙera, suka sa ƙota, suka aika. Ranar Sallah aka kayar da rago a gaban baƙi, aka yi ta goga wuƙa a wuyansa, ko gashi ba ta tsinke ba. Mai gari ya taso da kansa har maƙera, yana huci.

"Mati! Ni za ku wulaƙanta? Ina kaifinta?"

Nomau ne ya amsa daga bayan zugazugi, bai ko ɗago kai ba.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ka saya, ƙarfe aka ba ka. Hukuncinka muke bi. Yaran nan kowa yana son yatsansa." Ya tura masa dutsen washi da ƙafa. "Ga shi nan. In akwai abin da kake so ka yanka, ka wasa da hannunka."

Mai gari ya dubi jama'ar da suka biyo shi. In ya ce hukuncin kuskure ne, ya ba da ɗansa. Sai ya sunkuya da babbar rigarsa ta Sallah ya ɗauki dutsen.

Nomau bai ƙara ƙera ko allura ba har ya mutu. Shi ya sa har yau ɗin nan, ko ka roƙi maƙeri ya wasa maka, sai ya ce ka je gida ka yi da kanka.