Mai Askin da Ya Dafa Laimar Kwaɗi

Akwai wani mai aski da abokan cinikinsa suka laƙaba wa suna Dakta. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma in ka kuskura ka yi tari a kujerarsa, kafin ya gama gyara maka gemu ya gaya maka cutarka da maganinta, har da wadda za ta kama ka baɗi.

Mahaifiyarsa ta yi jinya ta tashi, sai dai ƙarfi ya ƙi dawowa. Loma biyu ta ture kwano. Ƙanwarsa, wadda ke zaune da ita, ta mayar da ita asibiti. Likita ya ce ta ci gaba da shan magungunanta, ya kuma yarda a haɗa mata da wani ruwan magani da ake tatsa daga wani nau'in laimar kwaɗi, wai yana taimaka wa jiki ya murmure. Ɗigo kaɗan a cikin ruwa, safe da yamma.

Ko maganin ne, ko kulawar ƙanwar ce, Allah masani. Tsohuwa dai ta fara cinye abincinta, har ta koma yi wa jikoki faɗa.

Ran nan Dakta ya je gaishe ta, ya ga kwalbar a kan tebur. Ya ɗauka, ya ƙura wa hoton da ke jiki ido, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Yanzu wannan kuka je kemis kuka sayo? Ga ta can bayan shagona, ƙarƙashin tankin ruwa, ko akuya ba ta kallonta!"

Ƙanwar ta ce, "Yaya, ba iri ɗaya ba ne. Wannan nomanta ake yi, a gwada ta, a auna. Ta gefen hanya kuwa wata guba ce."

"Ke, ni na koya miki tafiya fa. Gobe zan haɗa wa Mama na asali."

Washegari ya tsugunna bayan shago ya tsinko laimar kwaɗin cike da leda. Ya zuba a butar lantarkin da yake dafa ruwan tawul, ya kunna. Nan da nan wari ya gauraye layin shagunan.

Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya leƙo yana toshe hanci. "Dakta, ɓera ne ya mutu a nan?"

"Jahilci ne ya mutu. Koma kan wayoyinka, kada ka ƙara taka min shago."

Ya cika gora ɗaya, ya ba mai babur ya kai wa tsohuwa. Sauran ya tsiyaya a kofi ya miƙa wa masu jiran layi. Kowa ya ce yanzu ya karya kumallo. Dakta ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya shanye kofi biyu a gabansu, yana murmushi ido na hawaye.

Wajen tsakar rana shugaban wata makaranta ya zauna a kujera, yana sauri domin yana da taro da iyayen yara. Dakta ya kwashe gashin gefen dama tas. Ya zagayo hagu ke nan cikin Dakta ya yi wani irin ƙugi.

Shugaban ya ce, "Injin ne?"

Dakta bai amsa ba. Ya ajiye injin yana kunne, ya fita a guje. Ban-ɗakin layin a kulle yake, makullin kuwa a hannun mai gyaran waya ake ajiye shi.

Ya tsaya a ƙofar maƙwabcin yana matse ƙafafu. "Ɗan'uwana, makulli!"

"Wa ke magana? Ai ka ce jahilci ya mutu."

"Don girman Allah!"

Maƙwabcin dai ya ba shi. Amma da abin ya koma amai da gumi, Dakta ya kasa tsayuwa, wasa ya ƙare. Mai gyaran waya ya sungume shi, shugaban makaranta ya tayar da mota da rabin kai a aske, mayafin aski na rataye a wuyansa, suka yi asibiti.

Likita ya ji abin da ya sha, ya girgiza kai. "Kun yi sa'a da kuka zo da wuri. Akwai irin da ke lalata hanta. Wani ya sha ban da kai?"

Nan Dakta ya zabura, har ledar ƙarin ruwa na lilo. "Mama! Na aika wa Mama!"

Ya ma kasa danna waya, sai maƙwabcin ne ya kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Dakta ya fashe da kuka kamar yaro. A kira na gaba ƙanwar ta ɗauka, ta ji bayani, ta miƙa wa tsohuwa.

"Mama, kin sha?"

"Me? Ruwan kwatar nan? Na shinshina na tuttular. Wai kai ka sha?"

"Na sha, Mama."

Ta ce, "Ni fa na haife ka. Tun kana ƙarami ko shayi ka haɗa sai na jira wani ya fara kurɓa. Kwanta, ga mu nan zuwa."

Darasi: Magani na gari ma sai da sani da awo yake amfani, kuma kama da wane ba ta wane. Kada ka tsinko abu a gefen hanya ka ɗura wa kanka ko iyalinka don ka ga hotonsa a kwalba. Tambayi likita tukuna. Tura wannan labari ga Daktan gidanku, kafin ya kunna buta.