Gidan da Babu Maigida

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙaramin gari cikin kwari, nesa da teku tafiyar kwana da kwanaki. Sunansa Tanimu, ɗan garuwa ne. Ba shi da ilmi, ba shi da dukiya, sai kurarsa ta tura ruwa.

Wata damina aka ji a rediyon dagaci cewa guguwa ta taso daga teku, tana tafe da ruwa mai yawa. Mutane suka yi dariya, wai ina mu ina teku. Da sama ta yi baƙi ƙirin tun da hantsi, dariya ta ƙare. Dagaci ya sa aka yi shela kowa ya hau tudu kafin la'asar.

A kan tudu kowane maigida ya ƙirga iyalinsa, ya ce sun cika. To, ku saurara. Gidan da maigidan ya rasu fa, wa zai ce ba su cika ba?

Tanimu ya turo geronsa buhu biyu a kura, abincinsa ke nan har kaka. Ya duba cikin mata, bai ga Goggo Yalwa ba, wata tsohuwa mai ciwon ƙafa wadda mijinta ya rasu kwana ashirin da suka wuce. Ya sauka a guje, ya yi sallama daga zaurenta.

"Goggo, ki fito, ruwa na zuwa."

"Ɗan nan, takaba nake. Ba na fita."

Bai yi mata gardama ba, don ya san ba maganarsa za ta ji ba. Ya koma tudu wurin liman. Liman ya ce, "Maza ka gaya mata, in ana tsoron rai, addini ya yarda mai takaba ta fita."

Lokacin iska ta fara ɗaga jinka. Tanimu ya jefar da buhunan nan a ƙasa cikin yayyafi, ya ja kura, matar liman na biye da shi don ta kama Goggo Yalwa. Suka ɗora tsohuwa, suka turo ta ruwa na dukan ƙwaurinsu. Kafin magariba ɗakinta ya zube. Geron kuwa ya jiƙe ya lalace.

Goggo Yalwa ta ƙara shekara tara a duniya, kullum sai ta sa wa Tanimu albarka. Ni ma ina gode wa Allah da yake ajiye mana irin waɗannan bayi a cikinmu.

Jama'a, shirin gudun bala'i ba ɗaure kaya kaɗai ba ne, sanin maƙwabci ne. Yau da rana tsaka, tun sama na garau, kowa ya zaga unguwarsu. Ka san tsohon da ba ya iya tafiya, ka san matar da ba ta da mai magana da yawunta. Ranar da aka yi shela, kai ne za ka faɗi sunanta.