Azumin Kura a Bakin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Namun daji suka haƙa rijiya, suka ba Kura tsaronta. Ita kuwa ta sato ƙafar jaki, ta ɗaura wa igiya ta zura a ciki, wai nan ba mai gani.

Ba a jima ba ruwa ya soma ɗoyi, zawo ya kwantar da yara. Zaki ya tara kowa a bakin rijiya.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, aikin aljanu ne. A ba ni rago in roƙe su."

Akuya, wadda 'yarta ke kwance, ta jawo guga ta miƙa mata. "Yaya Kura, ke da kika saba da su, ɗan kurɓa mana."

"Ayya, azumi nake."

"Masha Allah! To mu jira magariba, ki buɗa baki da shi."

Aka zauna. Kura ta dubi rana, ta dubi guga. Rana na faɗuwa ta ce, "A jawo waccan igiyar. Amma fa ƙafar tawa ce!"

Ita aka zura ta yashe rijiyar, ƙafar kuma ungulu ta samu.

Ƙurunƙus kan ɓera, wanda ya ɓata ruwa shi zai fara sha!